Majanyin Inna Ya Je Kumasi

Tun da na dawo daga Kumasi tabarmar ƙofar ɗakina ba ta naɗu ba. Wannan ta shigo ta ce, "Rabi, da gaske a can mata ke tuƙa babur?" Waccan ta ce, "Wai har teku kika gani da idonki?" Na ba da labarin a gidan suna, na ba da shi a wajen surfe, har ya fara dawo mini da ƙarin gishiri, don jiya na ji ana cewa wai jirgin ruwa na hau. To, tunda na taɓa zama a aji kafin a yi mini aure, kuma hannuna bai manta biro ba, bari in zuba shi a takarda, ku huta, ni ma bakina ya huta.

Sai na fara da abin da ya kai ni, don ba yawon buɗe ido na je ba. Mu mutanen wani ƙauye ne a gefen Makoda, inda gonar wani ke ƙarewa a bangon gidan wani. Yayana Haruna shi ne ɗan farin Inna. Tun yana saurayi ya bi masu fataucin goro zuwa Gana, Kumasi ta riƙe shi. A can ya auri wata Batoniya da ta musulunta. Tonawa su ne mutanen ƙasar, waɗanda ake ce wa Ashanti. Suka haifi 'ya ɗaya tal, ya sa mata sunan Inna, Hauwa'u, yana kiran ta Ummi. Matar ta riga shi tafiya, bara waccan shi ma Allah ya karɓi abinsa.

Ummi ce ta bugo waya ta faɗa mana. Ta ce a ba ta kakarta, aka kara wa Inna wayar a kunne. Yarinya tana kuka tana cewa, "Babana ya rasu." Inna ta ce, "Allah ya jiƙan Musulmi." Ta miƙo wayar, ta tashi ta nufi garken awaki.

Mu da muke tsakar gida babu wanda ya ga abin mamaki. Ɗan fari ne. Matan zamanin Inna kunyar ɗan fari suke ji: ba su kama sunansa, ba su yi masa wasa a gaban mutane, ko lafiyarsa ba su tambaya sai a kaikaice. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta ce "Haruna" ba. In ta matsu sai ta ce "na Kurmi", wato na can ƙasar goro. Amma Ummi a Kumasi ta tashi, ba ta san wannan ba. Daga ranar ta daina ɗaukar wayarmu, saƙo ɗaya ta aiko, cewa ubanta ya mutu, ita kuma ba ta da kowa a Kano.

Da damina ta kankama, hatsi ya kai gwiwa, sai mijin Ummi, Bashiru, ya kira mu a asirce ya ce cikinta ya tsufa, na fari ne kuma. Washegari Inna ta same ni ina shara. Ta ce, "Ke dai ba ki da aikin yi. An ce mutanen can sun kusa sauka, babu uwa babu uba. Wa zai dafa ruwan wanka?" Kafin in ba da amsa ta tara mini kanwa da daddawa da kuka da yaji. Sannan ta fito da wani ɗan ƙunshi a cikin tsohuwar atamfa, an ƙulle shi tamau. Ta ce, "Wani tsumma ne ya tare mini wuri a adaka. Kada ki kwance shi sai a gaban mai jego."

Na san nauyin da aka ɗora mini. In na je aka rufe mini ƙofa, gidan Yaya ya fita daga hannunmu ke nan, jikansa zai tashi bai san akwai wani wuri Makoda ba. Amma zumunta a ƙafa take.

Zangon farko Bachirawa, gidan nawa ɗan farin, wanda ba za ku ga sunansa a takardar nan ba. Shi ya yi mini ɗawainiyar fasfo da katin allura. Bachirawar da na sani da gonakin dawa yanzu bulo ne ya tsiro a cikinta. Matarsa 'yar boko ce, yarinyar kirki, amma a gabana ta ɗaga nata ɗan farin sama tana kiran sunansa tana sumbatar kumatunsa. Ni na ji mata kunya, na juya ina gyara ɗaurin kayan da ba su kwance ba.

A nan ya haɗa ni da Hajiya Asabe, wata maƙwabciyarsa mai kai turaren wuta Gana tana dawowa da atamfa. Gajera ce, mai murya kamar ta dillalin shanu, hanyar nan ta san ta kamar yunwar cikinta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Doka biyu gare ni. In na ce sauka, ki sauka. In na ce yi shiru, ki yi shiru." Na ce na ji. Ta farkon na kiyaye.

Daga Kano zuwa Legas ba abin da zan ba ku labari sai kumburin ƙafa. Motar doguwa ce, sanyinta kamar randa, direban kuma ba ya tsayawa don salla sai an yi masa ca. Mun sauka a Agege, gidan wata ƙawar Hajiya mai tuwo-tuwo, muka kwana a ɗaki ɗaya da buhunan shinkafa. Sauron Legas ba ya kuka kafin ya ciji mutum, ba shi da ladabin namu.

A iyakar Seme ne aka so a kwance mini ƙunshin Inna. Wata ma'aikaciya mai kaki ta nuna jakata da sanda, tana wani yare da ba Turancin da na sani ba. Hajiya Asabe ta raɗa mini, "Buɗe mata, amma ki fara da ledar sama." Ledar sama kuwa daddawa ce, ta yi kwana da kwanaki a cikin zafin mota. Ina kwance bakinta matar ta ja da baya, ta toshe hanci da hularta, tana kaɗa mini hannu in tafi, in tafi. Wani ɗan canji Bahaushe da ke gefe ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Baba, wannan ai ta fi fasfo aiki!" Haka daddawar Inna ta tsallakar da ni iyaka uku.

A Kwatano na ga matan da ke tuƙa babur, da goyo a baya da tire a ka, babu mai kallon su sai ni. Daga nan hanya ta bi gefen teku. Na daɗe ina kallo ta taga ban ga ɗaya gaɓar ba. Na ce wa Hajiya, "Duk wannan ruwa, babu mai ɗan lambun albasa a bakinsa?" Ta ce gishiri ne. Na ce to asara ke nan. Mun kwana a zangon Lome, inda mai masaukinmu ta kawo mana dokunu, wato tuwon masara mai tsami a naɗe cikin ɓawon masara, da soyayyen kifi da wani baƙin yaji. Na ɗauka yajin irin namu ne na dangwala sosai. Sai da na sha ruwan buta guda, hawaye na zuba, matar tana ta ba ni haƙuri tana dariya.

Muna tsallaka Aflawo muka shiga Gana, sai na ga abin da ya faranta mini rai. A bakin kowace tasha akwai mai koko da ƙosai, kuma ko wanda bai iya Hausa ba da sunan Hausa yake saye. Shinkafa da wake ma suna da ita, sai dai da karan dafi suke dafawa ta yi ja, abin da mu rini muke yi da shi. Na ce ashe kakanninmu ba goro kaɗai suka ɗauko ba, sun bar tukunyarsu a nan.

Ranar Asabar muka shiga Kumasi, kuma a ranar na karya dokar Hajiya ta biyu. Mun sauka daga mota muna neman tasi, sai ga rumfuna an kafa a kan titi, kujeru jere, jama'a cikin ja da baƙi, kiɗa yana tashi, mata suna rawa. Ga wani ƙaton hoton dattijo yana murmushi. Na ce a raina wannan angon ya manyanta, amma Allah ya sa alheri. Ku kun san ni da guɗa, ba ta shawara da ni. Na kama hanci na rangaɗa ta. Hajiya Asabe ta yi tsalle ta toshe mini baki. "Ke Rabi! Makoki ne! Mutumin hoton shi ne gawar!" Na so ƙasa ta tsage in shige. Wata tsohuwa a cikinsu ta zo ta riƙe hannuna tana magana, Hajiya ta ce godiya take yi, wai baƙuwa ta taya su kuka da irin kukan garinsu. Haka Tonawa suke, rashinsu a fili yake, da ganga da hoto da kuka mai sauti. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Gidan su Bashiru a cikin zango yake, unguwar Hausawa da sauran Musulmi. Babban gida ne, ɗakuna kewaye da tsakar gida. Ina sallama yara suka ruga suna ihu, "Gwaggo ya zo! Gwaggo ya zo!" Na waiga in ga wane namiji ne ya biyo ni. Ashe Hausarsu ba ta raba mace da namiji, kowa "ya" ne. Na bar gida ina mace na isa Kumasi ina ƙato. Zan rubuta maganarsu da irin tamu don kada ku sha wahala.

Ummi ta haihu muna hanya, namiji. Ina ganin ta na ga goshin Yaya da siririn wuyansa. Ta gaishe ni da ladabi, ta sa aka kawo ruwa, aka nuna mini ɗaki. Amma "Anti" ta ce mini, ba Gwaggo ba, kuma ba ta tambayi kowa a gida ba. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Kan wankan jego muka fara karawa. Ita ma'aikaciyar jinya ce, ta ce tafasasshen ruwa ba zai taɓa jikinta ba, ta ga matan da ya illata a asibiti. Na ce mu da aka yi wa ga mu da ranmu. Ta ce waɗanda ba su da ran ai ba su zo ba da shaida ba. Muka shirya a kan ruwa mai ɗumi da ganyen darbejiya, kunun kanwa kuma ɗan kaɗan. Ta yarda in yi mata, amma ko a wajen wankan shiru ne tsakaninmu.

Su kuwa mutanen zango kamar an kawo musu Dala a mota. Kullum ana sallama, an zo ganin Bahaushiyar asali daga Kano. Wannan ya ce kakan kakansa daga Madabo yake, ko na san gidansu? Wani dattijo ya sha babbar riga da rana tsaka ya zo in duba masa ko karin hularsa irin na Kanawa ne. Matan gidan suka yi miyar kuka suka kewaye ni suna jiran hukunci. Na ce ta yi, sai dai kifin ya fi kukar yawa. Kowa cewa yake, "Mu Kanawa ne," alhali ko Zariya ba su taɓa gani ba. Ba zan ɓoye muku ba, a cikina dariya nake yi musu. Na ce waɗannan Hausar tasu ta riga da hula ce.

Sai dai na lura da wani abu. Wata gwaggon Bashiru ta ce mini, "Gara da kika zo. Da ma ana ta cewa amaryar tamu ba ta da dangin uba." Ta faɗa da murmushi, amma maganar da ƙaya a jikinta, kuma Ummi tana ji.

Ana gobe suna, da la'asar, aka tsuge da ruwa irin nasu wanda ba ya sallama. Mu uku ne a ɗaki: ni, da Ummi, da Hajiya Gambo, kakar Bashiru ta wajen uba, tsohuwa tukuf da idonta ya yi rauni, tana riƙe da jaririn. Ummi ta dube ni ta ce, "Anti, me Babana ya yi wa Inna?"

Na ce, "Kamar yaya?"

Ta ce, "Ina ƙarama ya kai ni garinku. Tun a mota yake rawar jiki zai ga uwarsa. Da muka shiga ta rungume ni, direban ma saura kaɗan ta rungume shi. Shi kuwa ya durƙusa, ta juya wa bango fuska ta ce, 'An zo lafiya?' Ban manta ba. Ranar da uwata ta rasu danginta sun yi kuka har muryarsu ta dushe, na san an yi rashin mutum. Shi da ya rasu, uwar da ta haife shi ta ce mini Allah ya jiƙan Musulmi, kamar wani baƙo ne ya faɗi a kasuwa." Ta ci gaba da cewa, "Tonawa suna ce mini 'yar zango, baƙuwa. 'Yan zango suna ce mini 'yar Batoniya. Ina cewa ba komai, ai ina da Kano. Sai Kanon ta miƙa wa wani waya."

Na ce mata kunya ce, kunyar ɗan fari. Na yi mata bayani iya iyawata, na ce ni ma haka nake da nawa.

Ta ce, "Kunya har ga gawa?"

Sai na tuna da ƙunshin, wanda na yi ta ɗagawa saboda ban ga fuskar bayarwa ba. Na ɗauko na ajiye a gabanta na ce, "Inna ta ce a ba ki. Ni ma ban san ko mene ne ba."

Ta kwance ƙullin da ƙyar. Majanyi ne na saƙi, irin wanda ake ɗaure goyo da shi. Shuninsa ya koɗe, bakinsa ya zare, an yi masa ɗinki a wuri biyu da zare daban. Ina ganin sa na gane shi. Ina yarinya na taɓa zaro shi daga adakar Inna zan goya 'yar tsanata. Inna da ba ta duka, ranar ta mare ni, ta fizge shi ta mayar cikin adaka. Kakarmu ce ta ja ni gefe ta ce, "Na yayanki ne, da shi aka goye shi. Ba a taɓawa." Mu sauran da wani majanyin aka goye mu, har ya mutu aka yi tsumman tukunya da shi.

Na faɗa wa Ummi haka. Na ƙara da abin da ba ta gani ta waya ba: ranar Inna ta daɗe a garken awaki har rana ta karkata, kuma tun daga ranar ba ta sake cinye tuwonta ba, sai ta taɓa ta ture.

Hajiya Gambo ta miƙo hannu ta ce a ba ta. Ta shafa shi, ta kai hanci ta shinshina. Ta ce, "Ba a ajiye tsumma tun kafin a haifi uwarki don ba a san hanyar bola ba." Sannan ta juya wajen Ummi. "Ke, tun da aka kawo ki gidan nan, kin taɓa jin na kira surukinki da sunansa?"

Ummi ta ce, "Alhajin Kasuwa kike ce masa. Na ɗauka laƙabi ne."

Tsohuwa ta ce, "Shi ne na fari. Ranar da aka zo aka ce motarsu ta faɗi a hanyar Tamale, ina tsintar wake. Ban tashi ba, ban tambaya ba. Na ci gaba da tsinta, ina zubar da waken ina ajiye tsakuwar. Sai da aka dafa aka gane. Uwata ce ta koya mini, ita ma tata uwar ta zo da shi daga Kano a bayan jaki. Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, yarinya."

Wallahi sai na ji kaina ya yi girma, kuma na ji kunyar dariyar da na yi musu. Ga abin da surukata ta yar a Bachirawa, kusa da gida, na same shi da ransa a tsakiyar Kumasi, a bakin matar da ba ta taɓa ganin Kano ba. Waɗannan mutane namu ne, ba a hula kaɗai ba.

Ummi ta ɗauki majanyin ta kifa fuskarta a ciki. Ta yi kuka irin na dangin uwarta, mai sauti, mu kuma muka yi irin namu, muna kallon ruwan da ke zuba daga indararo. Da ta ɗago ta ce, "Gwaggo, na ji." Ranar ta fara ce mini Gwaggo. Amma jinin Yaya ne, ba ta sauka gaba ɗaya. Ta share ido ta ce, "Sai dai ni ɗana da sunansa zan kira shi, da ƙarfi, kowa ya ji. Ba zai girma yana tambaya ba."

Na ce, "Allah ya kai mu goben." Bashiru ya riga ya raɗa mini abin da bai gaya mata ba.

Da safe maza suka taru a ƙofar gida, aka raba goro, liman ya yi addu'a. Sai muryar maroƙi ta ratso tsakar gida: yaro ya ci sunan Haruna. Wannan karon na tabbatar ba makoki ba ne, na saki guɗar da sai da 'yan zango suka leƙo ta katanga. Na shiga tsakiyar mata na zauna a wurin dangin uba, na baje yajin Inna da daddawarta kowa ya gani. Gwaggon nan mai magana da ƙaya ita ta kawo mini kujera.

Sannan na ɗauki jaririn na miƙa wa uwarsa. Na ce, "To, Ummi, ga shi. Kira shi da ƙarfi, kowa ya ji."

Ta buɗe baki. Ta dubi yaron, ta dube ni. Sunan ubanta ne, bakinta ya ƙi ɗauka. Ta sake gwadawa, sai ta sunkuyar da kai ta ce a hankali, "Babana." Ɗakin ya kaure da dariya, Hajiya Gambo har da tafi. Na ce, "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sannu da zuwa gida."

Da yamma ɗan nan nawa na Bachirawa ya kai wa Inna waya mai hoto har ƙauye. Ummi ta shimfiɗa majanyin a cinyarta ta kwantar da yaron a kai, ta saita wayar. Na ga idon Inna ya sauka a kan saƙin, ya daɗe. Sai ta ce, "Wannan ne mijin nawa? Kai, wannan kai kamar tulu! Ku gaya masa ni ba a aure na daga nesa, ya zo da ƙafarsa ya kawo cefane." Duk wasan da ba ta yi wa na Kurmi ba ta juye shi a kan wannan, har tana haki. Ummi ta ce, "Inna, ina wuni." Inna ta ce, "Takwara, kin ɗauke mini suna kin gudu da shi. Yaushe za ki dawo mini da abina?" Ummi ta ce da yaro ya yi ƙwari suna hanya.

Sai da aka yi arba'in na taho. Kafin nan na roƙi Bashiru ya kai ni maƙabarta. Na tsaya daga bakin katanga ya nuna mini wurin da hannu, na yi wa Yaya addu'a. Dawowar ba ta da labari, sai dai a Seme na sake ganin ma'aikaciyar nan, ta gane ni, tun daga nesa ta kaɗa mini hannu in wuce.

Na iso gida gero ya fitar da kai. Inna tana zaune a inuwar rumbu tana tsinkar zogale. Ta tambaye ni hanya, ta tambayi takwararta, ta tambayi mijinta mai kan tulu ko yana shan nono sosai. Har goron can ta tambaya, ko ya fi na nan daɗi. Abu ɗaya ne ba ta tambaya ba, ni kuma na san shi take jira.

Sai na juya wajen kaji, ina watsa musu tsaki, na ce, "Maƙabartar garin nan kuwa tana da kyau. Akwai wani kabari a gindin mangwaro, an kewaye shi da duwatsu, an share shi tas. An ce ranar da aka kai mai shi sahu har bakin titi."

Inna ta ce, "Wa ya tambaye ki?"

Na ce, "Da kaji nake."

Ta ci gaba da tsinka. Na ga ganyen take zubarwa a ƙasa, tana tara itacen a ƙwarya. Na tashi zan shiga ɗaki, har na kai bakin ƙofa, sai na ji ta ce, "An ce garin akwai ruwa."

Na ce, "Akwai, Inna."

"Ba ya kwanciya a wurin?"

"A kan tudu yake, Inna. Ko ɗigo ba ya kwana."

Ta ce, "To."

Ranar ta cinye tuwonta tas, har ta ce gishirin miyar ya yi kaɗan.